Kukan Albasa

Jikata Nana ce ta sa na ɗauki alƙalami a kan wata shekara ta ƙuruciyata. Ranar nan na same ta a bayan ƙofa ta haɗa kai da gwiwa, idanu sun yi jawur, tana riƙe da ɗaya daga cikin littattafan zanen nan da ake kawowa daga Japan, waɗanda ake buɗewa ta hannun dama kamar littafin Larabci. Na tambaye ta wa ya mutu, ta ce wani yaro ne mai gashi tsaye-tsaye da ta daɗe tana bin labarinsa. Sai ga ki, Hauwa 'yata, kin shigo da faɗa, wai yarinya ta rasa abin yi sai kukan mutumin da ba a taɓa haifa ba. Na ce ki ƙyale ta, kika ce ai irin wannan ne ya sa kakanku ya cire ni daga lakol, wato makarantar boko. To, wannan magana ta daɗe tana yawo a zuri'armu, kowa yana gaya wa na bayansa cewa mahaifina mutum ne mai taurin kai da ya hana 'yarsa karatu. Ba haka aka yi ba. Cikin waɗanda suka san yadda aka yi ni kaɗai na rage, kuma ba na so in tafi in bar shi da laifin da ba nasa ba.

Gidanmu yana unguwar Adjame, can birnin bakin teku, in ka bar mararrabar Roxy ka gangara kaɗan. Babbar tsakar gida ce da ɗakuna kewaye da famfo ɗaya, ɓangaren gaba na baƙi, na baya namu da 'yan haya. Baba, Alhaji Idi, mutumin Madawa ne ta ƙasar Nijar, kuma mai masauki ne. Fatake masu albasa su sauka wurinsa, ya ba su wurin kwana da abinci, ya nemo musu masu saye, in rigima ta tashi ya tsaya musu. Irin wannan sana'a ba ta da wani jari sai mutunci, ranar da aka fara ƙus-ƙus a kan gidanka ranar ka fara karyewa. Mu kuwa warin albasa ya bi jikinmu, har a aji yara suna ce mini madam miya. Ban damu ba, don na fi su Faransanci kuma na fi su baki.

Yaya Habu shi ne ɗan farin Inna. Ku 'yan yanzu da kuke kiran 'ya'yanku da suna tun daga bakin titi ba za ku gane ba, amma a wurinsu Inna uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Kunya ce, kuma da ita ake auna tarbiyyar mace. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Sai dai ta ce, “Rabi, kai ma yaron ga tuwo nai,” in ya buɗe kwanon kuma ya tarar naman gidan duka yana ɓoye a ƙarƙashin tuwon. Shi kuwa ɗan tsokana ne na ƙarshe. In ta aike shi sai ya yi kamar bai ji ba, ya juya baya yana fito, wai shi bai san wani mai suna yaron ga ba.

“Inna, wata rana sai kin kira ni da bakinki,” in ji shi.

“Zamna nan kana jira,” ta ce, ta jefe shi da ludayi.

Shi ya dami Baba har aka sa ni lakol, a lokacin da 'yan matan Hausawa da ke zuwa ba su da yawa. Shi kuma ya fara ƙetare gada da ni zuwa kasuwar Treichville, inda wani tsoho ɗan Dahome da ake kira Papa Kojo yake shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa, a gefen masu atamfa. Yaya littattafan yaƙi yake so, masu dawaki da bindiga. Ni kuwa idona ya faɗa kan waɗanda ake kira foto-roman, labarin da aka jera da hotunan mutane na gaske, maganar kowa a rubuce a saman kansa. In ka gama ka mayar, tsohon ya musanya maka da wani, amma sai ka faɗa masa ra'ayinka tukuna. In ka ce “da daɗi” kawai, sai ya ce ka koma ka sake karantawa.

Bayan samun mulkin kai da kaɗan, farkon damina, Yaya ya bi kamiyo, babbar motar kaya, zuwa arewa don ya taro kaya. Motar ta kife a hanya, can bayan Katiyola. Musulmin wani ƙauye suka yi masa sutura a ranar, Allah ya saka musu. Abin da ya iso mana shi ne labari da hularsa. Gida ya cika, mata suna ta kuka, Tanti Akisi, tela 'yar Bawule da ke haya a ɗakin kusa da namu, har birgima ta yi a ƙasa. Inna kuwa tana zaune a kan tabarma da carbi, duk wanda ya yi mata gaisuwa ta ce, “Wanda ya ba da shi ya karɓi abu nai.” Ko ɗigon hawaye. Tsofaffi suna fita suna yabo, wai ga mace mai kara, ga tawakkali, a yi koyi da matar Alhaji. Ni ma a lokacin na ji daɗin yabon, don ban san abin da yake ci a ciki ba.

Da aka watse aka bar mu, sai abin ya fito. Farko ta daina yanka albasa. A gidan da albasa ta fi ƙasa yawa, sai ta miƙo mini wuƙa ta fita daga madafa, kuma na daɗe kafin in gane tsoro take yi kada ido ya kawo ruwa ya ƙi tsayawa. Daga nan ta daina toya masar da take yi wa baƙi da safe, ta daina faɗa da mu, wanda shi ne ya fi ba ni tsoro. In an kawo abinci ta taɓa ta ture. Zaninta ya fara zagaye ta har ya yi saura. Ba ta ce ko'ina na mata ciwo ba, tana dai zaune tana kallon bango. Baba ya karɓo rubutu wurin Malam Sani, limamin masallacinmu, ta sha. Ya kai ta asibiti, likita ya duba ya ce bai ga komai ba. Sai dattawa suka ce a mai da ta gida wurin danginta, iskar gida magani ce. Baba ya sayo akwatin ƙarfe ya ajiye a ɗakinta, aka tsai da magana cewa da zarar ruwa ya ɗauke hanya ta yi kyau, za a sa ta a jirgin ƙasa. Na san matan da aka mayar gida a irin wannan hali. Ba wadda ta dawo, sai dai bayan wani lokaci a aiko a ce a yi haƙuri. Ni da ƙannena kuma a nan za a bar mu.

Tanti Akisi ce ta fara kawo shawarar karatu. Hausarta gauraye take da Julanci da Faransanci, amma ba ta taɓa hana ta magana ba.

“Rabi, ke mai lakol, karanta wa Mama abin dariya mana. Mutum yana zaune haka kamar turmi, ba kyau.”

Na ɗauko masu ban dariya, na ɗauko masu ƙarewa da biki, ina fassara mata da Hausa ina kwaikwayon muryoyi har da tsalle. Ƙannena suna ta ƙyaƙyatawa. Inna ko kallo. Da na mayar da su na gaya wa Papa Kojo abin da ake ciki, ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa da bakin riga.

“Wa ya ce ki kai mata waɗannan?” ya tambaye ni da Faransanci. “Wanda ya faɗa rijiya ba ya son ki tsaya a sama kina masa kiɗa. So yake ya ji akwai wani a ƙasan tare da shi. Ungo wannan. Ba shi da kyau sosai, amma matar da ke ciki ta iya shiru.”

Na ɗauka tsohon ya zare. Amma ba ni da wata dabara, don haka bayan la'asar na zauna kusa da Inna na buɗe. Ban ma fara karatu ba. A shafin farko akwai hoton wata mata a bakin taga, ta dafa gilashi da hannu ɗaya, tana kallon waje. Sai na ji murya a gefena, a dushe kamar ta wanda ya tashi daga barci.

“Mi ya same ta?”

Na ce mijinta ne ya tafi aiki wata ƙasa ya daina aike. Ta tambayi sunanta, na faɗa, ta gwada sau biyu harshenta ya ƙi.

“Wanga wane irin suna ne? Ce mata Ladi.”

Daga ranar ya zama ƙa'ida. Duk mutumin da ya shigo labari sai in dakata, Inna ta dube shi da kyau ta raɗa masa suna. Mai gashin baki da mota ya zama Tanko, tsohuwa mai gulma ta zama Ta-Sallah, wani likita mai sanƙo ta ce ba shi da wani suna sai Ɗan Ƙwai. Kafin a jima mata sun fara taruwa a ƙofar ɗakinmu bayan la'asar, kowa da ɗan aikinta a hannu. Tanti Akisi ta jawo kekenta kusa, tana ɗinki tana sharar hawaye da ƙyallen mutane. Ita ta fi son waɗanda budurwa take tari a hankici, saurayi kuma ya iso a makare ya faɗi a kan kabari yana ihu. In aka kai nan sai ta saki keke ta ɗora hannu a ka. Wata rana ana cikin haka Inna ta ja tsaki.

“Kukan albasa,” ta ce.

Aka juyo ana kallonta.

“Mai labarin ga ya matsa muku albasa ga ido ne. Yarinya lahiya lau, ya ga takarda za ta ƙare, ya kashe ta don ku yi kuka. In kun wanke ido shi ke nan, kun manta ta. Kuma dubi wadda anka ce uwatta ce. Wagga ba ta taɓa rasa kowa ba, dubi bakinta.”

Tanti Akisi ta ce sam, ita dai zuciyarta ta karye. Inna ta ce zuciyar da ke karyewa kowace la'asar ai ta saba. Aka kwashe da dariya, gardama ta kaure, kuma cikin gardamar na ga hannun Inna ya shiga kwanon soyayyar ayabar da Tanti ta kawo, ta ci ba ta ma san ta ci ba. Na sunkuyar da kai kamar ina neman layi, don kada ta ga fuskata.

Da na kai wa Papa Kojo wannan hukunci, ya buga cinya ya ce a gaya wa madam ta yi gaskiya, amma a tambaye ta mene ne ba na albasa ba. Inna ta ce a gaya masa shi ne wanda ba mugu a ciki, kowa ya yi iya ƙoƙarinsa, abin kuma ya ƙi. Ya aiko da wani, ta ce wannan ya kusa, sai dai surutu ya yi yawa, mai baƙin ciki na gaske ba ya dogon bayani. Ya ce bai yarda ba, akwai wanda in bai yi magana ba zai fashe. Ta ce to shi namiji ne. Haka na zama 'yar aike tsakanin mutum biyu da ba su taɓa ganin juna ba, ba su kuma jin harshen juna, ina ƙetare gada da ra'ayi in dawo da martani. Har yau ban ga masu sukar littafi da suka kai su tsanani ba. Sai dai duk wannan bai kai inda nake so ba. Kowa yana kuka a zaman nan ban da Inna. Da an rufe littafi mata sun watse, sai ta koma ga bangonta, akwatin kuma kullum ana ƙara masa kaya.

Ana nan sai magana ta fita. Fataken da ke ɓangaren gaba suna jin koke-koken mata kowace yamma a gidan da aka riga aka yi sadakar arba'in. Wani kuma ya tsinci littafi a bakin famfo, ya buɗe ya ga hoton namiji ya rungume mace. Kafin Juma'a ta zagayo an ce a gidan Alhaji Idi ana tara matan aure ana karanta musu batsar Nasara, kuma 'yarsa da ya kai lakol ce limamiyar. Wasu fatake da suka yi shekara da shekaru suna sauka wurinmu suka kwashe buhunansu suka koma wani masauki. Malam Sani ya zo da kansa, suka daɗe a zaure. Bayan ya tafi Baba ya aika a kira ni ɗakin ajiya, inda ba mai jin mu sai albasa. Ya zauna a kan buhu, ni ina durƙushe.

“Malam bai ce haramun ne ba,” in ji shi. “Ya ce bai ga takardun ba, ba ya yanke hukunci bisa abin da bai gani ba. Amma ya ce bakin mutane ya buɗe, kuma ba ya ruhuwa sai sun ga na yi wani abu. Na yi tunani, abu biyu na gani. Ko in tara takardun ga in ƙone su ƙohwar gida kowa na gani, ki ci gaba da lakol ɗinki. Ko ki bar lakol, su ce Alhaji ya hori ɗiya tai, ba mai sake tambayar abin da ake karantawa cikin ɗaki, in dai an rage murya.”

Sannan ya ƙara da cewa, “Na ga tana cin abinci, Rabi. Ina da ido. Shi ya sa ban yanke ni ɗaya ba.”

“Baba, in na bar lakol, za a fasa tafiyar Inna?”

“Wanga ban yi miki alkawari ba. In ba ta tashi ba, sai ta tahi. Ba ni riƙe ta nan ta mutu hannuna.”

Ina ajin ƙarshe a lokacin, jarrabawa saura kaɗan, malamarmu ta riga ta ce za ta rubuta sunana cikin masu neman makarantar ungozoma. Ina son abin nan kamar raina. Ba zan yi muku ƙarya in ce zaɓin ya zo mini da sauƙi ba, kuma ba zan ce ciwon ya warke ba, don har na tsufa in na ga ungozoma da farar riga sai na bi ta da kallo. Amma na tuna hannun nan cikin kwanon ayaba. Na ce masa na bar lakol. Ya tashi ya juya mini baya yana gyara bakin buhun da ba abin da ya same shi, ya ce Allah shi yi mini albarka, da wata murya da ban san shi da ita ba. Wannan shi ne mutumin da kuke cewa mai taurin kai.

Papa Kojo da ya ji, faɗa ya yi ta yi, ya zagi fatake, ya zagi albasa, ya ce ni ma wawuya ce. Da ya gaji sai ya sa hannu ƙarƙashin kujerarsa ya jawo wani ɗan siririn littafi da bango ya yage, ba hoto ko ɗaya a ciki.

“Na daɗe ina ɓoye wa mahaifiyarki wannan,” ya ce. “Ina tsoron ya yi mata nauyi. Amma tunda kin ce akwati ya cika, ba sauran abin jira. Ba mugu a ciki, ba surutu. Ki karanta a hankali, kuma kada ki gyara komai.”

A kan gada na leƙa shi, na ga abin da yake nufi, har na yi niyyar jefa shi a ruwa. Labarin wata mata ce mai tsaron shingen jirgin ƙasa a wani ƙauye, aikinta ta rufe hanya in jirgi zai wuce ta buɗe in ya wuce. Ɗanta guda ya shiga jirgin nan ya tafi neman aiki. Bai dawo ba, rigarsa aka aiko mata. Ita kuma ta ci gaba da rufe shinge tana buɗewa, ga jirgin da ya ɗauke shi yana wuce ta kullum. Iyakar labarin ke nan.

Ruwa ya riga ya ɗauke. An ɗaure akwatin da igiya an jawo shi bakin ƙofa, tafiya saura 'yan kwanaki. Ranar mata ba su da yawa saboda maganar da aka yi, daga Tanti Akisi sai wata tsohuwa. Tanti ta juya littafin gaba da baya ta ce wannan ai kamar miya ba gishiri, ina hotunan? Inna ta ce a bari a ji. Na fara. Matar ta shigo, na dakata, Inna ta ce a ce mata Gambo. Aka bi Gambo ta share ɗan ɗakinta, ta cika fitila, ta rufe shinge. Sai ga ɗanta ya fito da jaka a kafaɗa, yana tsokanarta wai ta cika masa jaka da abinci kamar mai zuwa yaƙi. Na zo wurin da zan dakata. Na so in wuce in ce “yaron” kawai, amma ƙa'ida ƙa'ida ce, kuma bakina ya tsaya da kansa. Keken Tanti ya yi shiru. Inna tana kallon tafin hannunta.

“Ce mishi Habu.”

A hankali ta faɗa, kamar mai taka ƙasa bayan doguwar jinya. Tsohuwar nan ta buɗe baki za ta yi magana, Tanti Akisi ta dafe mata gwiwa. Na ci gaba. Habu ya sa takalmi, Habu ya ce kada ta tsaya a rana, Habu ya hau jirgi ya leƙo ta taga. Duk inda sunan ya zo sai na faɗe shi. Har muka iso inda jirgi ya fara tafiya, Gambo tana riƙe da shinge ba ta da ikon saki, ta tuna ba ta gaya masa wani abu ba, ta ɗaga murya ta kira shi. A takardar sunan ne kawai a layi guda. Na buɗe baki, murya ta ƙi fita. Na sake gwadawa, ta ƙi.

Sai Inna ta kira shi. Ba karatu ta yi ba, kira ta yi, da dukan ƙarfinta, irin kiran da uwa ke yi wa yaron da ya yi nisa a titi.

“Habu!”

Tsakar gida ta ɗauka. Hirar fatake a ɓangaren gaba ta yanke. Kuma ta saurara, wallahi ta saurara, ta karkata kai tana jiran a amsa. Da ba a amsa ba, sai abin da ta riƙe tun farkon damina ya ɓalle. Ban taɓa jin kuka irin wannan ba, ba na kuma fatan in sake ji. Tanti Akisi, sarauniyar kuka, ranar ba ta yi ba, ta dai rungume ta tana jijjigawa kamar jaririya.

Baba ya shigo da gudu ba hula, don shi ma sunan ya ji. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon matarsa. Na ɗauka zai ce a yi shiru baƙi na ji, na ma fara ɓoye littafin a zani. Sai ya cire takalmi ya shigo, ya rasa wurin zama, ya zauna a kan akwatin. Ya bari har kukan ya lafa, sannan ya dube ni, gemunsa a jiƙe.

“Karanta, Rabi. Ina son in ji ko ya waiwayo.”

Na duba. Ya waiwayo, ya ɗaga mata hannu. Na gode wa Allah da ban buƙaci gyara komai ba.

Washegari da hantsi na tarar da ita durƙushe gaban akwatin tana fama da ƙullin igiya, tana mita wai wane mara hankali ne ya yi wannan ɗauri. Baba yana tsaye a tsakar gida, shi ya yi ɗaurin, ya dai miƙo mata wuƙa. Ta yanke igiyar, ta fitar da zannuwanta, sannan ta wuce madafa da wuƙar a hannu ta ce a kawo mata albasa, baƙi sun kwana biyu ba su ci masa ba. Tana yanka hawaye na zuba. Tanti Akisi ta leƙo ta taga.

“Mama, wannan wane iri ne?”

“Wanga na albasa ne,” in ji Inna. “Kin san shi ai, naki ne.”

Ba ta tafi Madawa ba. Ta zauna a Adjame har ta ga aurena, ta goya ki, Hauwa, ta kuma yi ta gardama da Papa Kojo ta bakina har Allah ya ɗauke shi, ba su taɓa haɗuwa ba. Sunan kuwa ba ta sake faɗinsa ba har ta koma ga Mahaliccinta, ta koma cewa yaron ga, sai dai yanzu tana ba da labarinsa tana dariya. Wasu fataken sun dawo, wasu ba su dawo ba. Ni ban koma lakol ba, shekarun sun wuce ni, kuma ba wanda ya cire ni, ni na fita da ƙafata.

Saboda haka, Hauwa, in kin sake samun Nana a bayan ƙofa da littafinta, kada ki ce mata mutumin takarda ne. Ba ki san wa take yi wa kukan ba, wataƙila ita ma ba ta sani ba tukuna. Ki ajiye abin da ke hannunki, ki zauna kusa da ita, ki tambaye ta sunan yaron.